Shugaba Kumatu da Rabin Allon Talla

Idan ana maganar sanin zane, a matsa gefe a ba Shugaba Kumatu hanya. Sauran mutane kallon hoto suke yi, shi kuwa duba shi yake yi, kamar likita da majinyaci. Zai tsaya gaban allo ya goya hannuwa a baya, ya ɗan ja da baya, ya karkata kai irin na kazar da ta hango shaho, ya runtse ido ɗaya, sannan ya saki wani dogon "uhmm" daga can ƙasan maƙogwaro. Duk wanda ya ji wannan uhmm ɗin ya san ilimi ya iso wurin. An ce ya taɓa yi wa takardar kashedin da aka manna a ƙofar banɗakin asibiti irin wannan uhmm, har ya yaba tsarinta da zurfin ma'anarta, kafin ya tuna a gida ya baro tabaransa. Maƙiya ne suke yaɗa labarin. Sai dai shi kansa in ya tuna, yakan ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

Aikin da ya yi har ya yi ritaya ba shi da haɗi da zane. A ofishin ruwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a wani tebur da ke bayan ƙofa, inda duk mai shigowa sai ya buge masa gwiwar hannu. Hatimi yake bugawa. Ya buga shi da gaskiya da riƙon amana har ya kai matsayin mataimakin mataimakin shugaban sashe, kuma a duk tsawon shekarun nan Darakta bai taɓa riƙe fuskarsa ba. Kullum suka haɗu a matakala sai Darakta ya dube shi ya ce, "Sabon zuwa ne?" Shi kuma ya rusuna ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, ina nan." Abin nan yana ci masa rai, domin a ganinsa in akwai fuskar da bai kamata a manta ba a duk ginin, to tasa ce. Ai fuskar talla ce.

Ga yadda abin yake. Tun kafin na'ura ta karɓe aikin, akwai wani mai zane da ake kira Bahago, saboda da hagu yake riƙe buroshi. Shi yake zana wa kamfanoni hotunan da ake bugawa a allunan ƙarfe, a kafa a bakin titi da jikin shaguna: sabulu, ashana, tayar keke, fitilar ƙwai, ganyen shayi. Kuma a faɗi gaskiya, mutumin gwani ne. In ya zana kofin shayi, tururin da ke tashi sai ka ji kamar ka hura kafin ka kurɓa. In ya zana ashana an ƙyasta, wutar tana da shuɗi-shuɗi a gindinta, yadda take a zahiri, abin da mutum zai shekara yana kunna murhu bai lura da shi ba. Kumfar sabulunsa, kowace ƙwaya da ɗan haskenta a gefe. Haruffansa kuwa da hannu yake jan su, masu kauri a ƙasa, sirara a sama, suna ɗan kishingiɗa baya kamar mutanen da suka ƙoshi. Ya rasu ba wanda ya damu da tambayar sunansa na gaskiya. Allunan suka yi tsatsa, aka ɓamɓare su, wasu aka toshe ɓular katanga da su, wasu suka zama rufin akurkin kaji.

A wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa Shugaba ya tsinci nasa rabon, ran da ya je neman ƙafar fanka. Rabin allo ne, an datse shi a tsaye da almakashin kwano. A jikinsa ga wani yaro ya cika fam, kumatu kamar an hura balan-balan, 'yar hula a karkace, ya ɗaga damtse yana dariya, wushirya a fili. A ƙasa an rubuta, "...ƘARFI DA WALWALA!" Shugaba ya tsaya cak. Hancin nan na gidansu ne. Wushiryar nan tasa ce. Kuma marigayiya mahaifiyarsu ta sha faɗa masa, "Kai fa an taɓa zana ka a talla kana ƙarami." Har yana iya tuna abin dishi-dishi: wani benci mai sanyi, warin fenti da kananzir, wani mutum yana leƙo shi ta gefen allo, da alewar da aka danƙa masa don ya daina kuka. Ya rungumo allon ya nufo gida. Fanka dai har yau da bulo aka tokare ta.

A ranar aka sauke hoton aurensu daga bangon falo, yaro mai kumatu ya hau. Matarsa ta dubi ƙusar, ta dubi mijinta, ta ɗauki hoton auren ta kai ɗaki. Daga nan duk baƙon da ya shigo gidan, ko mai karanta mitar wuta ne, sai ya gaisa da allon kafin a ba shi kujera.

"Ka gane shi?" Shugaba zai tambaya, ya tsaya a gefen allon ya ɗan kumbura baki.

Baƙo zai dubi yaron, ya dubi mai gida. Mai gida dogo ne siriri, wuya kamar na kwalba, kunnuwa a tsaye kamar hannun kofi, ga wani tsohon tabo ya raba masa girar hagu biyu. Kumatu kuwa sun lotsa ciki, in da ana ajiya a cikinsu da sun ɗauki makulli. Sai Shugaba ya taimaki baƙon.

"Aikin gwamnati ne ya cinye su."

Daga nan sunan ya samo asali. Shi ya ɗauka girmamawa ce.

Kada a yi masa ƙarya, ba wawa ba ne. Da safe in yana aske gemu, yakan tsaya ya dubi mutumin da ke cikin madubi, wata murya ta ce masa a hankali, "Kai malam, tsakaninka da Allah, ina kumatun suka tafi? Ko a mafarki ka taɓa ganin kanka da damtse?" Sai ya yi sauri ya shafa kumfa ya rufe wurin. Muryar ba ta da ilimin zane, don haka ba ya biye mata.

Abin da ya faro daga son kai, a hankali ya haɗu da son gaske, har shi ma bai san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Ya bi lungu-lungu yana ceto allunan Bahago. Ya ɓamɓaro na ashana daga bayan shagon mai faci, ya roƙi na shayi daga hannun wata tsohuwa da take shanya barkono a kai, ya yi wata guda yana zarya kafin a ba shi na sabulu. Da suka taru sai ya kafa Ƙungiyar Masoya Zanen Bahago. Ya tsaya takarar shugabanci shi kaɗai, aka yi zaɓe mai zafi, ya lashe. 'Yan ƙungiyar su ne wani tela, da tsohon mai kemis, da wani direba da ido ya hana shi tuƙi. Suna zuwa taro ba fashi, domin matar Shugaba ba ta rowar sukari.

"Ku dubi wannan kumatun," zai ce, yana nuni da sandar labule. "Ba nama Bahago ya zana ba. Fata ya zana, fatan al'umma. Mai zane ba ya ƙirƙirar irin wannan annuri, sai dai ya dace da yaron da Allah ya ba shi. Ni ba yabon kai nake ba. Ni zama kawai na yi. Amma ku sani, zama ma baiwa ce."

Tela zai gyaɗa kai. Direba zai yaba kalar, yana fuskantar kalandar da ke ɗaya bangon.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ba shi haɗin kai yadda ya kamata ba, wato yayarsa. Mace ce mai jiki, mai shagon yadi a kasuwa, in ta zauna a kujerar zaman mutum uku sai ta koma ta mutum ɗaya. Duk ran da ta zo ta tarar yana jawabi, sai ta zauna daidai ƙarƙashin allon, ta kai gefen mayafi bakinta, kafaɗunta suna rawa. In ya gama sai ta share ido ta ce, "Auta ke nan. Allah dai ya bar mu tare." Shugaba ya daɗe da fahimtar matsalarta. Ba kowa ke iya jure ganin ƙaninsa ya shiga tarihi ba.

Tela ne ya kawo labarin da ya tayar da ƙurar. Wata dattijuwa, malamar asibiti mai ritaya, ta kawo masa ɗinki, hira ta yi hira, ashe 'yar Bahago ce. Kuma a bayan kabad ɗinta akwai ainihin zanen tallar nan, wanda uban ya yi da hannunsa a kan katako, cikakke, ba a datse ba, an naɗe shi da tsohon zanen gado.

Shugaba ya kira ta a waya a tsaye, kamar tana ganinsa. Ya gabatar da kansa da muƙaminsa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Hajjaju, ni ne yaron."

Ta ce, "Wanne?"

Ya yi dariya. Tsufa ke nan. Ya bayyana mata cewa ƙungiya za ta shirya baje kolin ayyukan mahaifinta, kuma wannan zanen shi za a yaye wa mayafi a gaban jama'a.

"To, madalla," ta ce. "Amma da ka zo ka gan shi tukuna."

"Ko kusa!" ya ce. "Haɗuwata da ƙuruciyata ba abin da za a yi a bayan kabad ba ne. Jama'a suna da haƙƙi a kai."

Gaskiyar magana, ya riga ya tsara yadda zai yi in mayafin ya faɗi: zai ja da baya, ya dafa ƙirji, ya cire tabarau, hawaye ya gangaro. Ya san in ya ga zanen tun da wuri, hawayen zai ƙare a gidan mutane, inda ba mai ɗaukar hoto. Ya yi ta gwaji a gaban madubi. Dafa ƙirjin yana fita da kyau, hawayen ne ya ƙi. Matarsa ta shigo ta same shi yana matsa ido, ta ce, "Baban yara, wani abu ne ya faɗa maka?" Ya ce mata fasaha ce. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta fita.

Aka ari ɗakin taron wata makaranta. Aka jera allunan a bango, tela ya goge su da man keken ɗinki har suna ƙyalli. Shugaba ya kai wa tsohon Darakta katin gayyata da ƙafarsa, ya sa aka ajiye masa kujera mai hannu a sahun gaba. Wannan shi ne ainihin abin da ya hana shi sukuni. Yana so mutumin nan ya zauna, ya ɗaga kai, ya ga wanda ya yi shekaru yana wucewa a matakala.

Ranar ta zo, kuma abin mamaki jama'a suka cika ɗakin. Tsofaffi suna tsayawa gaban allon fitila suna cewa irin ta gidan kakarsu ce sak. Matasa masu zane da kwamfuta suna kara waya suna ɗaukar haruffan. Wata mata ta tsaya gaban kofin shayin ta daɗe ba ta motsa ba, ta ce a shagon da mahaifinta yake aiken ta aka kafa shi. Da Shugaba ya tsaya a nan, da ya koma gida da mutuncinsa cif. Amma a tsakiyar dandamali ga katako a jingine an lulluɓe shi, ga makirfo, ga shi cikin kwat da laktaye, wuyan rigar ya yi masa yawa har ana iya zura hannu.

Darakta ya iso da sanda. Shugaba ya ruga ya tarbe shi. Tsohon ya kama hannunsa ya girgiza da fara'a, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Ina mai taron yake?"

Shugaba ya raka shi har kujerarsa. Ba komai. Saura kaɗan.

"Jama'a," ya fara, lasifika tana ƙara masa kaurin da Allah bai ba shi ba. "Akwai masu zane, akwai Bahago. Sauran suna zana abin da suka ga dama, shi kuwa gaskiya yake zanawa. Buroshinsa bai taɓa yi wa kowa alfarma ba. Yadda ya gan ka haka zai ajiye ka, ko ka so ko ka ƙi. In ya ba ka kyau, to naka ne. In ya hana ka, kada ka ga laifinsa. Na faɗa, na kuma maimaita: duk wanda ya ga kansa a zanen Bahago, to ya ga haƙiƙanin kansa. Yau, da tawali'u, zan nuna muku nawa."

Aka tafa. Ya kama gefen zanen gadon ya fizge.

Ya ja da baya kamar yadda ya tsara. Ya dafa ƙirji. Sai hannun ya maƙale a wurin.

A dama ga yaro mai kumatu, ya fi na allon ƙarfen kyau nesa ba kusa ba, a samansa an rubuta BAYAN SHA. A hagu kuwa, inda bai taɓa gani ba, ga wani yaro zaune a kan benci, a samansa an rubuta KAFIN SHA. Ƙafafu kamar sillen tsintsiya. Ciki ya yi gaba, cibiya ta leƙo. Wuya kamar na kwalba. Kunnuwa a tsaye. Ido ya yi rau-rau, hanci yana yoyo, a hannu ga alewa an lasa an bari. Girar hagu kuwa wani sabon tabo ya raba ta biyu. A can sama, da kyawawan haruffan nan masu kishingiɗa, an rubuta: MAGANIN TSUTSAR CIKI, DOMIN ƘARFI DA WALWALA!

Idanu suka tashi daga katakon suka sauka kan mai jawabi, suka koma katakon, suka dawo. Ba a buƙatar sandar labule. Bahago ya yi aikinsa tsakani da Allah.

Darakta ne ya fara motsawa. Ya miƙe da ƙyar, ya nuna yaron hagu da sandarsa, fuskarsa cike da murnar wanda ya tsinci abin da ya ɓace masa.

"Af! Ai na san wannan! Ba kai ne na bayan ƙofa ba? Mai hatimi!"

Nan fa ɗaki ya ɓarke. Tela ya sunkuya yana dukan cinya. Direba yana ta tambayar me ya faru, da aka gaya masa ya fi kowa ƙarar dariya. A tsakiyar hayaniyar wani matashi ya ɗaga murya ya ce, "To shi mai kumatun fa, wane ne?"

Yaya ta miƙe daga kujerunta. Ta ɗaga damtse, ta karkata kai, ta yi dariya, wushirya a fili. Kumatun nan guda biyu suka taso suna sheƙi, ba abin da shekaru suka rage musu.

"Kai ne kafin, Auta," ta ce da aka ɗan lafa. "Ni ce bayan. An yi mini aski saboda ƙuraje, sai ya kafa mini hula ya ce na yi daidai. Kai kuwa Inna ce ta kai ka, ta ce in ana neman yaron da zai ba mutane tausayi, ba sai an je nesa ba."

"Yaya," ya ce, ya manta makirfo a kunne yake, "duk shekarun nan kina sane?"

"To me zan ce maka? Kana jin daɗinka, ni ma ina jin nawa."

A nan ne hawayen da ya ƙi zuwa a gaban madubi ya zo da kansa, ba gayyata, kuma mai ɗaukar hoto bai yi sake ba. Muryar nan ta safiya ta matso kusa da kunnensa ta ce, "Sannu, masani. Shekara da shekaru kana shafa kumatun yayarka kana cewa fatan al'umma. Ka sauke hoton aurenka ka rataye Yaya. Ka ari ɗaki, ka ɗauko lasifika, ka je har gida ka gayyato mutumin da ya manta ka, don kawai ya zo ya shaida cewa kana da tsutsa." Abin da ya fi ba shi haushi, shi ma dariyar ce take taso masa. Ya danne, ta ƙi. Ta fito masa ta hanci, wani irin sauti kamar an taka agwagwa, lasifika ta ɗauka ta raba wa kowa. Jama'a suka ɗauka izini ne, suka ƙara.

Da la'asar ɗakin ya watse. Tela da mai kemis suna sauke alluna, matarsa tana naɗe zanen gadon, 'yar Bahago tana zaune tana jiran motar da za ta mayar da katakonta. Shugaba ya kwance laktaye, ya jawo kujerar Darakta, ya zauna gaban yaron hagu. Bai goya hannu ba, bai karkata kai ba. Kallo kawai ya yi.

Sai ya ga abubuwa. Ya ga yadda yatsun ƙafar yaron suka ƙanƙame juna saboda sanyin benci. Ya ga rana ta ratso ta bayan kunnen nan mai faɗi, ta mai da shi ja-ja, har jijiyoyin suna nunawa. Ya ga hannun da ya riƙe alewar, riƙon wanda ba ya so amma ba zai bayar ba. A cikin idon kuma, in ka matsa sosai, akwai wani ɗan ɗigon inuwa mai siffar mace a tsaye a bakin ƙofa. Inna ce, tana jiran a gama ta goya shi. Ya daɗe a wurin. Tunda yake bai taɓa ganin hoton mahaifiyarsa ba, sai yau, a cikin ƙwayar idonsa, da ɗigon fenti wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Matarsa ta dafa bayan kujerar. "Ka ga ko a nan kana da ban tausayi," ta ce. "Da shi ka same ni."

Da labarin ya tsaya a nan, da an ce mutum ya yi hankali. Amma Shugaba Shugaba ne. Yana cikin kallon sai ya ji wani abu yana motsi a ƙirjinsa, abin da ya saba da shi. A hankali hannuwansa suka zagaya baya suka haɗu. Kai ya fara karkata. Shi kansa ya ji tahowar abin, ya ce a ransa, "Kai malam, ko kwana ba za ka bari a yi ba?" Ina! Uhmm ɗin ya riga ya fito.

"Ku zo ku gani," ya kira su tela. "Ai yanzu na gane. Kumatu kowa yana iya zanawa, da'ira biyu ce da jan fenti. Amma wahala? Rama? Wannan sai gwani, kuma sai ya dace da yaron da zai iya ɗaukar nauyinta. Ba don na hagu ba, wa zai kalli na dama? Ni ne na sayar da maganin nan. Yaya ado ce kawai." Ya juya wurin 'yar Bahago, murya ta dawo daidai. "Hajjaju, ki faɗa musu da bakinki. A duk zanen nan, wane ɓangare marigayi ya fi alfahari da shi?"

Fuskar dattijuwar ta washe. "Kai, ai kullum sai ya yi zancensa. Ya ce bai taɓa shan wahalar abu irin wannan ba, kuma bai taɓa zana abin da ya fito da rai kamarsa ba. Har mutanen kamfani sai da suka aiko a yaba masa."

Shugaba ya lumshe ido, ya ɗan sunkuyar da kai don karɓar abin da ke tafe.

Ta taso a hankali, ta ce ya ɗan gusa, ya tare wurin. Ya gusa. Ta miƙa yatsa can ƙasa, ƙarƙashin bencin, inda idon masani bai kai ba duk yinin nan. A cikin wata 'yar da'ira ga wata aba fara sol, ta nannaɗe, tana sheƙi, kamar yanzu za ta motsa.

"Ga ta nan," ta ce. "Tsutsar."